Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata

A ƙauyenmu kusa da Tasawa, uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, balle ta sa baki a lamarinta. Tawa tana hannun uwar mijina tun yaye.

Da masu allurar rigakafin ciwon dajin mahaifa suka zo lakwal, wato makarantarsu, tsohuwar ta hana, wai tana kashe haihuwa. Ciwon nan kuwa shi ya ci yayata, ni na yi ta wanke zannuwanta na jini.

Na roƙi mijina har da kuka, ya ce maganar Inna ce.

Sai na ajiye kunya, na tsaya tsakar gida na ƙwala wa yarinyar kira da sunanta. Ba ta waiwayo ba. Ba ta taɓa jin sa a bakina ba.