Modu Gaji, Mai Shayar da Siminti

Idan aka sallame sallar asuba a Nguru, ka ga dattijo ya fito da garwar ruwa ya nufi ginin da kowa ya ce an gama, to ba sai ka tambaya ba, Modu Gaji birkila ne. Sauran magina da shebur suke fara yini, shi da ruwa yake farawa. Ya ɗaga buhunan da ya lulluɓe aikin jiya, ya dafa kankaren da tafin hannu kamar mai jin zafin jikin yaro, ya yayyafa, ya mayar da lulluɓi. Sai bayan nan ya juya ga na yau: yashi da tsakuwa da siminti, a juya su a bushe, a sake juyawa, har launinsu ya zama ɗaya, kafin ɗigon ruwa ya taɓa su. Lebura mai gaggawa ba ya daɗewa a hannunsa. Ba korarsu yake yi ba, da ƙafarsu suke gudu.

Tun shekarar da jirgin ƙasa ya iso Nguru yake cikin wannan aiki, yana saurayi, yana dakon siminti daga tasha. Bana gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye cokalin gini. Ba a yi taro ba, ba a buga ganga ba. To mu dai ba za mu yi shiru ba.

Masu motar hanyar Gashua suna da nasu labarin a kan kwalbatocinsa. Amma wanda ya fi zama a ran mutane na wata rijiya ne, a wani ƙauye kusa da Jajimaji, bayan yaƙin Turawa da kaɗan. Bakin rijiyar na itace ne, duk damina sai ya rufta, mata su koma tafiyar rabin yini neman ruwa. Aka turo Modu da 'yan buhunan siminti a tsakiyar bazara. Ya zuba bakin rijiya da daɓen kewayenta, ya rufe da tsofaffin tabarmi jiƙaƙƙu, ya ce kada a taɓa, ya wuce Gashua duba wani aiki.

Mai garin, Bulama Mai, mutumin kirki ne, kuma tun yana yaro da ƙasa yake gini. Abin da ya sani, tubali rana yake so. Da ya ga tabarmi sai ya ɗauka don awaki aka sa su. Ya sa aka kewaye wurin da ƙaya, aka yaye tabarmin tas don rana ta yi aikinta.

Modu na dawowa, Bulama ya tarye shi yana murmushi.

"Malam Modu, mun rage maka aiki. Dubi yadda ya bushe ƙayau, fari fat!"

Modu ya durƙusa, ya murza gefen da babban yatsa. Gari ya biyo yatsan. Daɓen duk ya tsattsage kamar fadamar da ruwa ya janye. Simintin da ya rage da ƙyar zai isa zubi ɗaya, kuma wani ba zai iso ba kafin damina ta yanke hanya. In wannan ma ya lalace, matan ƙauyen sun shiga wata shekarar tafiya.

Da wani ne, da ya zazzaga faɗa. Shi kuwa ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Bulama, ni ne ban yi bayani ba. Wannan ba tubali ba ne. Ruwa yake sha a hankali kafin ya yi ƙarfi. In rana ta riga shi shanyewa, shi ke nan, ya mutu."

Ya fasa aikin da hannunsa, ya sake kwaɓi, ya sake zubi. Sannan ya faɗi sharaɗi a gaban kowa: sai kasuwar Jajimaji ta ci sau uku ba a ja guga a nan ba, kuma kada tabarmin nan su bushe ko sau ɗaya.

Wata dattijuwa, Ya Kaltum, wadda ta shekara da shekaru tana ɗauko ruwa daga nesa, ita ce ta yi magana.

"Haba, ɗan nan! Mu ba mu sha mun ƙoshi ba, jikokina leɓensu ya tsage, kai kana cewa mu shayar da dutse?"

"Ya Kaltum, gaskiya kika faɗa. Ni ma ba daɗinsa nake ji ba. Amma in ya sha yanzu, ba zai ƙara tambayarku ba."

Ta yi tsaki, ta juya. Ta ɗan taɓa tafiya sai ta tsaya, ta waiwayo wajen mazan.

"To ku da kuke alwala a ƙofar masallaci, ruwan ba ƙasa yake bi ba? Ku ɗauko butocinku ku zo ku yi a nan mana!"

Liman ya ce babu laifi a ciki. Daga ranar, duk wanda zai yi salla sai ya tsuguna a gefen daɓen, ruwan hannu da na fuska ya zuba kan tabarma. Sau biyar a yini siminti yana sha, ba a rage wa yaro ko kurɓi ɗaya ba. Mata suka so su ƙara da ƙasari, wato ruwan wankin hatsi, Modu ya yi dariya ya ce a bar wa awaki abinsu. Bai koma gida ba, ya kafa 'yar rumfa a wurin, ruwan wankansa ma can yake juye shi. Ya yi baƙi, ya rame, amma bai matsa ba.

Da kasuwa ta ci ta uku, ya yaye tabarmi, ya ƙwanƙwasa bakin rijiyar da ƙotar cokali. Ƙarar ta fito ras. Ya miƙa wa Ya Kaltum igiya, ya ce ita za ta fara ja. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, rijiya tana nan daram.

Malam Modu, kai ne ka koya wa ƙasar nan cewa gini ba ya ƙarewa ranar da aka ɗaga hannu. Kai ne mai jiran abin da ba ya magana, mai haƙurin da ya gajiyar da masu haƙuri. Ba ka rubuta sunanka a jikin ko ɗaya daga ayyukanka ba, kuma wallahi wannan yana yi mana ciwo.

Mun gode. Allah ya huta gajiya, ya sa ka sha daga Alkausara. Ku kuma samarin magina da ke zuba kankare da hantsi ku nemi sallama da la'asar, ku je ku zauna kusa da tsohon nan tun yana da sauran magana, ku koyi dawowa kan aikinku washegari. In kuna son ganin amfanin haka, ku je ƙauyen can ku ce wa yaran gidan Ya Kaltum na yanzu su nuna muku hanyar da kakarsu take bi ɗebo ruwa. Za su tsaya suna kallonku ne kawai, don ba su san ta ba.