Kada Ta Yi Mushe

Ni na miƙa masa wuƙar, wannan kam ba zan ɓoye ba ko yau da na tsufa. Damina ce mai ruwa, bayan shekarun farin nan da suka gasa mu. Duk bayan garin Daura ya zama tabki, sauro kuwa ba a magana. Tunkiyata, wadda gwaggona ta aiko mini daga Sandamu, ta yi ɓari da safe. Kafin azahar ta ƙi dusa, majina mai jini na zuba daga hancinta, ta kwanta tana nishi.

Maigidana, Malam, yana zaure yana aikinsa. Alƙur'ani yake rubutawa da hannu, baƙaƙe da tawada, wasulla da ja, kuma da wannan muke ci. Na leƙa na ce, "Malam, taso maza, kada ta yi mushe!" Ya ajiye alƙalami, ya yanka ta, ya feɗe da kansa, jini har gwiwar hannu.

Lokacin kuɗin fetur ya shigo, mazan unguwarmu sun watse Kano da Kaduna aikin gini da tuƙin mota. Da rana in ka cire Malam babu namijin da zai riƙe wuƙa, mace kuwa a wurinmu ba ta yanka. Cikin mako guda tumaki suka shiga ɓari gida-gida, ƙanana suna mutuwa, sai sallama kawai ake yi: Malam ya taimaka. In ya yi nawa ni ce mai cewa, "Haba Malam, maƙwabta ne fa." Har daɗi nake ji in an aiko mana da tsoka.

Sai zazzaɓi ya kayar da shi farat ɗaya. Jiki zafi rau, ga ciwon kai da ya ce daga bayan idanu yake sara, ga gaɓoɓi da baya, wuya ya sage. Abin da ya ci sai ya dawo. Haske ma ba ya so, sai da na rataya zane a ƙofar ɗaki. Na ce zazzaɓin sauro ne, na dafa masa ganyen darbejiya ya yi sirace.

Ana cikin haka malamin dabbobi ya shigo unguwa a kan babur. Da ya ji labari ya kama baki. "Matar Malam, shi ya yanka su duka? Cutar nan daga jini da abin ɓari take kama mutum, sauro ma yana yaɗa ta. Wadda ta kwanta a bar ta, in ta mutu a binne."

Na ce, "Nama halal a bar shi ya lalace? Kai ka taɓa kiwo kuwa?"

Ya ce, "Na taɓa. Ki dai lura da shi sosai."

Kwana biyar zazzaɓin ya sauka, na yi ta godiya ga Allah. Bayan mako biyu Malam ya koma zaure, ba a jima ba ya kira ni. Ya ce, "Zo ki duba, tawada ce ta zube a tsakiyar takardar nan?" Takarda fes. Ya dube ni ya ce gefen kallabina yake gani, fuskata babu. Wallahi sai kawai na zauna a ƙasa.

Ƙanensa ya kai shi Kano wurin likitan ido. Likita ya ce zazzaɓin ne ya taɓa can cikin idon, na wasu yakan washe, na wasu ba ya washewa, sai a jira. Jira! Saura izu goma sha ɗaya ya kammala, takardun na nan a gafaka. Kullum yakan feƙe alƙalami da lalube ya ajiye. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ni kuwa da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na rame, na zama mafaɗaciya. Wata maƙwabciya ta aiko wai akuyarta ta kwanta, na fita da kaina na ce ta haƙa rami.

Wata biyu da 'yan kwanaki muna haka. Ran nan da hantsi, an fara yankan gero, ina tsintar wake a bakin madafa, shi yana kan tabarma can ƙarshen tsakar gida. Sai na ji ya ce, "Ke, zanen nan naki a baibai kika ɗaura shi."

Na duba. A baibai yake kuwa, atamfa mai ƙananan furanni. Na ɗago a hankali. "Malam, daga nan ka gani?"

Ya yi murmushi. "Kwana uku ke nan idona na dama yana washewa. Tsoro na ji in faɗa miki ya koma."

"Kwana uku! Ina nan ina mutuwa a tsaye kana zaune da magana a ciki?" Ina faɗa ina kuka, wake ya watse, kaji suka taru a kai, ban kore su ba. Na hagun bai taɓa komawa daidai ba, da ɗigo a ciki har ƙarshen ransa, amma na daman ya ishe shi aiki. Ya ce in daina surutu in ɗauko masa gafaka da jar tawada. Na ɗauko, na zauna kusa da shi ina kallo, sai da ya cika shafi guda sannan na tuna ban ɗora tukunya ba.