Innayatu Ba Ta Koma Rayis Ba

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da kifi a gidan biki a unguwar Harra ta Yamma da ke Madina, wataƙila girkin Innayatu ya ci bai sani ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke zama a bakin tukunya tana soya albasa har ta yi duhu, tana korar duk mai son taya ta. Larabawa na kiran abincin sayadiyya. Ita kuwa cewa take abincin gidansu ne, na Rayis. Allah ya jiƙanta, ba ta iya faɗin sunan garin nan ba tare da muryarta ta yi laushi ba.

Rayis ƙaramin gari ne a bakin Bahar Maliya, kudu da Yanbu, idan an wuce Badar aka gangara. A can aka haife ta. Iyayenta mutanen Damagaram ne. Suka taso da niyyar Hajji, suka yi shekaru a Sudan suna aikin gona, sannan suka ƙetare a jirgin ruwa. Bayan sun sauke farali, mahaifinta Maigandi ya sami aikin ɗinkin taru a wurin masunta, ya ce wa matarsa Safiyyatu su ɗan zauna kafin su wuce Madina. Ɗan zaman nan shi ne har furfura.

Aminiyarta Lami, Bakanuwa, maƙwabciyarta ƙofa da ƙofa, ta san garin kamar ta taɓa zuwa, don an sha gina mata shi a tsakar ɗaki. Innayatu kan jawo babban tire ta ce ga teku. Kofunan shayi su ne gidaje, a jere a bakin ruwa, gwangwanin sukari kuma masallaci. Cokali ya zama hanyar Badar, tulin dabino kuma duwatsun da ake hangowa daga gabas idan rana ta fito. Can gefe sai ta ajiye murfin buta, ta ce nan ne kufan tsohuwar tasha, Jar, inda tsofaffi suka ce jiragen hatsi daga Masar ke sauke kaya tun zamanin sahabbai, raƙuma su ɗauko zuwa Madina.

"Ba don mu ba," ta kan ce, "da mutanen Madina sun sha kwana da yunwa."

"Ku su wa?" in ji Lami. "A lokacin ai kakanki na Damagaram yana jan guga."

"Bakanuwa dai ba ta san ruwa ba sai na randa."

In aka tambaye ta yawan mutanen garin, gida-gida take bi: Larabawa masunta, 'yan Yaman masu shago, wasu Sudanawa masu gyaran kwale-kwale, sai gidajen Hausawa da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta ce idan liman ya yi atishawa, matar da ke ƙarshen gari ke yi masa addu'a.

Surajo ne ya raba ta da teku. Direban motar kifi ne, yana zuwa ya loda a cikin ƙanƙara ya kai kasuwar Madina. Ya gan ta tana shanya kifi, ita ma ta gan shi, magana ta kai ga manya. Ya kawo ta Harra, cikin baƙaƙen duwatsu masu riƙe zafi har bayan magariba. Shekararta ta farko, da la'asar sai ta hau saman soro ta fuskanci yamma tana jiran iskar da ta saba da ita. Ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar da za ta bar gida, mahaifiyarta ta riƙe mata hannu ta ce, "Ni don Madina na baro ƙasarmu, ga ni a bakin hanya. Ke da Allah ya kai, kada ki yi wasa da ita." Safiyyatu ba ta da buri kamar ta cika a garin Annabi a sa ta a maƙabartar Baƙi'a. Da ciwo ya kwantar da ita, aka aiko, Surajo ya tashi da motar kifi don ya ɗauko ta. Ya isa ya tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta. Innayatu ta je zaman makoki, ta taho da mahaifinta, aka rufe gidan. Zuwanta na ƙarshe ke nan.

Ba wai ta ƙi ba ne. Ga goyo, ga tukunyar biki, ga Surajo da kullum yake cewa a bari sai bayan Hajji. Hajji ya yi ta zuwa yana wucewa. Maigandi ya rasu, Surajo ya bi shi, yaranta biyu, Rilwanu da Afnan, suka girma suna jin Hausa suna amsawa da Larabci, suna kiran ta Yumma. Sai ciwon zuciya ya same ta. Daga ranar da likita ya faɗa mata, ta shiga sahun tsofaffin nan na Madina da ba sa yarda su taka wajen gari ko da biki ne ko mutuwa, don kada ajali ya riske su a waje. Kuma daga ranar ne Rayis ta hana ta sakat. Ta daina gina garin a tire. Sai dai tana zaune, can ta ce, "Yanzu ruwa ya janye, yara na tsintar kaguwa."

Rilwanu, wanda ke tuƙa tasi, ya gaji da ganinta haka.

"Yumma, bukra, gobe-goben nan, mu tafi Rayis. Mu yi asuba a nan, kafin azahar ƙafarki na cikin ruwa, mu dawo mu yi isha a Harami."

"In mutuwa ta zo mini a hanya fa?"

"Ai da ke zan dawo, ko mene ne."

"Dawo da gawa daban, cikawa a Madina daban, ɗan nan."

Lami ta sa baki. "Yaya, shekara nawa kina cika mana kunne da garin nan? Mu je in gani, ko duk ƙarya ce, kududdufi ne kawai."

Wannan ce ta sa ta dariya, ta ce to.

Da safe ta sa baƙar abayarta mai kyau, ta ƙulle dabino a leda, ta ce za ta raba wa yaran bakin ruwa. Ta zauna gaba, Lami da Afnan a baya. Tana ta surutu, tana faɗa musu inda za a fara jin warin gishiri. Da suka fita daga cikin gidaje, aka hango alamar iyakar harami a gefen titi, maganarta ta ɗauke. Ta ɗora hannu a ƙirji. Ba ciwo ba ne, ta faɗa daga baya, muryar mahaifiyarta ce.

"Tsaya," ta ce wa Rilwanu.

Rilwanu ya gangara gefe. Manyan motoci suna wucewa suna girgiza su. Ta daɗe tana kallon titin da ya miƙe yamma tsakanin duwatsu.

"Yumma, khalas, shi ke nan, mun riga mun fito," in ji Afnan.

"Ba mu fito ba tukuna. Ga iyakar can." Ta share fuska da gefen mayafi. "Mahaifiyata ta so nan ba ta samu ba. Ni na samu, in ɗauki ƙafata in fita don in ga ruwa? Juya, Rilwanu."

Suka koma gida. A ƙofa ta miƙa wa Lami ledar dabinon. "Ku ku je. Ki gano mini da idonki, ba na son na waya. Kai kuma ka shiga maƙabarta ka yi wa kakarka sallama."

Suka je. Lami ta ga titi mai fitilu a bakin teku, da rumfunan hutawa, da iyalai daga Madina suna gasa nama. A kwale-kwalen kuwa yawanci baƙin ma'aikata ne masu wani yare. Ta tambayi gidan Maigandi mai ɗinkin taru, ba wanda ya taɓa jin sunan. Rilwanu ya shiga maƙabarta, duwatsu duk iri ɗaya, ya yi wa kowa sallama gaba ɗaya. Kafin su juyo Lami ta tattare zane ta shiga ruwa, ta cika jarka.

Innayatu na zaune a inda suka bar ta.

"To, Bakanuwa, kududdufi ne?"

"Teku ne, Yaya. Har tsoro ya ba ni."

"Gidanmu fa?"

Lami ta ajiye jarkar. "Ruwan yana nan inda kika ajiye tire. Duwatsun ma suna nan."

Innayatu ta dube ta, ta gane, ba ta sake tambaya ba. Aka juye ruwan a roba, ta sa ƙafafunta da suka kumbura, ta lakato da yatsa ta ɗanɗana, ta rufe ido. Can ta ce, "Da la'asar kuka ɗebo. Ya yi ɗumi." Ta hana a zubar. Kwana da kwanaki robar na gefen gadonta, har ruwan ya ƙafe ya bar farin gishiri a ƙasa.

Ta cika kafin azumi, a ɗakinta, da hantsi, kanta a cinyar Afnan. Aka yi mata salla a Harami, maza suka wuce da ita Baƙi'a. Lami ta tsaya daga waje inda mata ke tsayawa, tana leƙe ta cikin shinge, har ta kasa bambance masu ɗauke da ita da sauran jama'a.

Gishirin nan yana wurin Lami, ta kankare shi ta zuba a kofin shayi, ɗaya daga cikin waɗanda suke zama gidaje. Afnan ta taɓa tambayar ta wanne ne nasu a jerin. Lami ta ɗauko tire ta ajiye, ta jera kofunan, ta daɗe tana dubawa, ta kasa tunawa ko na biyu ne daga masallaci ko na uku.