Har Inuwa Ta Taɓa Turmi: Rayuwar Malama Ummu Salma Toranke

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malama Ummu Salma Muhammad Bashir a garin Toranke, wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi ta Jihar Kano, ranar wata Juma'a a watan Rajab na shekarar 1406 bayan Hijira, daidai da watan Maris na 1986. Mahaifinta shi ne Malam Muhammad Bashir, manomi kuma malamin fiƙihu mai karantar da magidanta a zaurensa, mahaifiyarta kuwa ita ce Malama Hure, 'yar mutanen Gafasa. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma sunan kakarta ta wajen uba aka mayar mata, saboda haka mahaifinta bai taɓa kama sunanta ba. Uwata yake ce mata, ko yana fara'a ko yana faɗa.

An san Malam Muhammad Bashir da ɗabi'u biyu. Matuƙar akwai rana a sama, ba ya dogara da agogo wajen sanin shigar lokacin salla, sai dai ya fito ƙofar gida ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, kamar yadda ya karɓa daga malamansa. Sannan ba ya sa wa abu albarka sai ya jarraba shi da kansa, ko da irin gero ne, ko da ɗalibi ne.

Ƙuruciya da Karatu

Ummu Salma ta fara karatun Alƙur'ani a gaban mahaifiyarta tun tana da shekara huɗu, aka sa ta a makarantar firamare ta garinsu a 1992. A gidan, lokaci ɗaya ne aka yarda 'yan mata su yi wasa, wato tsakanin Azahar da La'asar, kuma carafke suka fi yi, har ta shahara a unguwar da saurin kwashe duwatsu kafin wanda ta cilla sama ya sauko. Malama Hure takan ajiye turminta a daidai inda inuwar katangar yamma za ta iso dab da La'asar, gwargwadon yadda mutum zai samu ya yi alwala a natse, tana matsar da shi kaɗan-kaɗan bisa juyawar shekara. Da zarar inuwa ta iso, sai ta ce, "Inuwa ta taɓa turmi. A ajiye duwatsu, sai gobe in Allah ya kai mu." Ba a roƙonta ƙari, ko da wata tana dab da cinyewa, kuma ba a taɓa jin yaran sun tashi da ɓacin rai ba, domin kowa ta ga tahowar inuwar da idonta.

Ta shiga makarantar sakandaren 'yan mata a 1998, ta sauke Alƙur'ani a 2002, ta kammala sakandare a 2004 da sakamako mai kyau a fannin lissafi. A shekarar 2005 ta samu gurbin karatu a jami'ar da ke Wudil, inda ta karanci kimiyyar kwamfuta, ta karɓi digirinta na farko a 2010.

Aure da Aikin Koyarwa

A shekarar 2008, tana aji uku a jami'a, aka ɗaura mata aure da Malam Sagiru Maiwada, mutumin Balan, malamin gona mai yawan raha, suka zauna a cikin garin Gaya. Bayan ta yi hidimar ƙasa, ta kama aikin koyar da lissafi da kwamfuta a wata makarantar sakandare a Gaya a 2012, kuma ta shafe shekara goma a kan wannan aiki. A tsakanin waɗannan shekaru Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

A wannan lokaci ne wayoyin hannu masu wasanni suka yawaita a garin, ta riƙa ganin yadda ɗalibanta, har da 'ya'yan cikinta, suke jin kiran salla su ce sai sun ƙarasa, alhali wasan ba shi da ƙarshe. Iyaye da dama sun ɗauki matakin ƙwace waya da bulala. Ita kuwa sai ta zauna ta buga wasannin da kanta, ta fahimci cewa ba taurin kan yara ba ne kaɗai, abin da gangan aka tsara shi don kada mai yi ya sami wurin tsayawa. Daga nan ta ƙudurta koyon wannan ilimi daga tushensa, ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin tsara wasannin kwamfuta da na waya a wata jami'a da ke ƙasar Malesiya, aka kuma ba ta a shekarar 2022.

Neman Izini

Mijinta ya amince tun ranar farko, amma ta ce ba za ta taka jirgi ba sai da yardar mahaifinta. Ta je Toranke ta durƙusa a zaure ta yi masa bayani, shi kuwa abin bai kwanta masa ba, domin a fahimtarsa wasa shagala ne, kuma bai taɓa jin an ƙetare teku don karanta shagala ba. Daga bisani ya ce, "Uwata, ba zan hana ki neman ilimi ba. Amma abin da hannunki zai ƙera, in ya riƙe wani Musulmi daga salla, ki sani da kasonki a cikin zunubin. Kin ɗauki alkawarin ba zai riƙe kowa ba?" Ta ce ta ɗauka. Ya ce, "To, na ba ki izini. Albarka kuwa, sai na ga abin."

Wannan magana ta albarka ta tafi da ita a zuciya, kuma duk wanda ya zauna da ita a shekarun da suka biyo baya ya shaida cewa ita take nema fiye da takardar shaidar.

Karatun Digiri na Biyu

Ta tashi daga Kano a watan Oktoba na 2022, ta bar 'ya'yanta a hannun mahaifinsu da ƙanwarsa, autarta tana da shekara huɗu. Ita ce mafi yawan shekaru a ajinsu, kuma ta sha wahala a zangon farko wajen zane da sarrafa sauti, amma ta yi fice a darasin ƙa'idojin wasa da na nazarin halayyar 'yan wasa. A can ne ta karanta dalla-dalla dabarun da ta daɗe tana zargi: yadda ake jinkirta lada, da yadda ake ɓoye wa mutum wucewar lokaci, da yadda ake buɗe masa sabon mataki kafin ya ajiye numfashi.

Da lokacin aikin kammalawa ya zo, ta tsara wasan da ta sa wa suna Tsakar Gida. Carafke ne a fuskar waya, ana cilla dutse da yatsa a kwashe na ƙasa, mutum biyu na iya yi a waya ɗaya, ba ya buƙatar intanet, kuma babu sa'a ko caca a cikinsa. A gefe guda akwai katanga, a ɗaya gefen akwai turmi, inuwa kuma tana rarrafowa bisa lissafin tafiyar rana a garin da mai wayar yake. Wasan ba ya buɗewa sai bayan Azahar, idan kuwa inuwa ta taɓa turmi, sai murya ta faɗi maganar nan ta Malama Hure, ya rufe har washegari. Ta so a ɗauki muryar mahaifiyarta, amma tsohuwar ta ce ita ba za ta shiga aljihun mazan mutane ba, don haka Ummu Salma ta ɗauki tata.

A watan Fabrairu na 2024 kwamitin jarrabawa ya yaba wa kyawun aikin, amma ya ƙi amincewa da shi, bisa hujjar cewa ma'aunin nasarar wasa shi ne tsawon lokacin da ake ɗauka ana yinsa, nata kuwa sallamar mutane yake yi. Aka ba ta zaɓi: ko ta cire inuwar ta kammala a wata mai zuwa, ko ta ƙara zango guda ta kawo hujja, ba tare da tabbacin za a karɓa ba. A lokacin ta yi kusan shekara ɗaya da rabi ba ta ga 'ya'yanta ba. Mijinta ya ce mata ta waya, "Maman Ikrama, cire musu inuwar nan ki karɓo takardarki, in kin dawo kya mayar. Malam ko rediyo sai an kama masa tasha, ina zai sani?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Shi ba zai sani ba, Abban Ikrama. Wadda ta durƙusa a zauren fa?"

Ta zaɓi ƙarin zango. Malam Sagiru ya ɗauki nauyin gwajin, yana zagayen aikin gona a kan babur yana sa wa iyalai wasan a wayoyinsu a Balan da Gafasa da Toranke, wasu da inuwa, wasu babu, kuma a cikin waɗanda aka sa wa mai inuwa har da surukarsa Malama Hure. Bayan watanni, sai ya bayyana cewa waɗanda aka ba maras inuwa sun yi ta yi ba ji ba gani, sannan suka gundura suka watsar, masu inuwa kuwa suna dawowa kullum, mata har suna aika wa maƙwabta su zo kafin lokaci ya ƙure. Da wannan hujja ta sake tsayawa a gaban kwamitin a watan Satumba na 2024, aka amince da kundinta.

Dawowa Gida

Ta sauka a Kano a watan Oktoba na 2024, kuma washegarin isowarta ta tafi Toranke ta ajiye takardar shaidarta da wayarta a gaban mahaifinta. Ya dubi takardar, bai taɓa wayar ba, ya ce, "Sannu da hanya, Uwata. To, mun gani." Bai sa albarka ba. Ta koma Gaya ba ta yi ƙorafi ga kowa ba, ta ci gaba da koyarwa, ta kuma buɗe aji na ranar Asabar inda take koya wa matasa maza da mata tsara wasanni. Duk zuwan da za ta yi gaisuwa takan ɗan jinkirta tashi daga zauren, shi kuwa sai ya tambaye ta lafiyar yara da albarkar damina, ya sallame ta.

Abin da ba ta sani ba shi ne, tun daga makon dawowarta, kullum idan La'asar ta kusa, Malam yakan bar ƙofar gida ya dawo bakin zaure ta ciki ya auna inuwarsa, yana sauraren muryar da za ta fito daga ɗakin matarsa. Malama Hure ce kaɗai ta lura, har wata rana ta ce masa, "Malam, yaushe rana ta ƙaura daga ƙofar gida ta dawo bakin ɗakina?" Ya ce mata ta ji da duwatsunta. Bai yarda ya yanke hukunci da abin da ya gani a lokacin sanyi ba, domin ya san inuwar bazara daban ce, ta damina ma daban, don haka ya ƙudurta sai shekara ta zagayo.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A watan Yuni na 2025 likitoci suka tabbatar tana fama da ciwon ƙoda. Ta yi jinya a Kano na tsawon watanni, ta karɓi jarrabawar da haƙuri da yawan istigfari, daga baya ta nemi a mayar da ita ɗakinta a Gaya. A ranar Litinin, 13 ga Oktoba, Malam Muhammad Bashir, wanda bai taɓa shiga gidan auren wata 'yarsa ba, ya sa aka kawo shi a mota, ya zauna a gefen gadonta.

Ya ce, "Uwata, na bi inuwarki shekara guda, da sanyi da bazara da damina da kaka. Ba ta taɓa makara ba. Kullum sai ta bar wa mutum lokacin alwala." Ta ce da muryar da ƙyar ake ji, "Baba, da ka tambaye ni ai da na nuna maka lissafin." Ya ce, "Lissafin nake tuhuma, ta yaya zan kira shi shaida?" Ta yi murmushi. Sai ya ɗora hannunsa a kanta ya ce, "Kin cika alkawari. Allah ya yi miki albarka, ya yi wa aikin hannunki albarka." Waɗanda suke ɗakin sun ce ta amsa da amin, ta rufe ido, kuma ba su ƙara ganin damuwa a fuskarta ba.

Allah ya karɓi ranta da safiyar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, a cikin watan Rabi'us Sani na shekarar 1447, tana da shekara talatin da tara. An kai ta Toranke, mahaifinta ya yi mata salla bayan Azahar, aka binne ta a maƙabartar garin kusa da kakarta mai sunanta.

Ta rasu ta bar mijinta, Malam Sagiru Maiwada, da 'ya'ya huɗu: Ikrama, da Muslima, da Abdulsalam, da Afra'u. Ta kuma bar iyayenta biyu a raye. Malama Hure ba ta sake cilla dutse a wasan ba, amma kullum bayan Azahar takan buɗe shi ta ajiye wayar a kan turmi, Malam kuma ya zauna a bakin zaure, ba ya auna komai, har muryar 'yarsu ta ce, "A ajiye duwatsu, sai gobe in Allah ya kai mu." Sai su ce Allah ya jiƙanta, su tashi su yi alwala.