Bassu da Kayansa Masu Kwancewa

Ni da Bassu shekara ɗaya aka haife mu, a ƙauye ɗaya, a gindin dutse ɗaya cikin tsaunukan Atlas. Ɗan gwaggona ne. An ce na riga shi zuwa duniya da kwana tara, kuma in ka cire wannan, ban tuna wani abu da na taɓa riga shi samu ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne bai fi ni komai ba. Gajere ne, ga gwame, in yana tafiya sai ka ce agwagwa. Ni kuwa dogo ne, a ƙuruciyata nakan hau makiyayar sama in dawo kafin la'asar. Na iya ɗan Faransanci, shi ko Larabcin nasa ma sai a hankali. Amma shekarar da ƙanƙara ta zubar mini da tuffa kaf, gonarsa da ke jikin tawa ko ganye bai faɗi ba. Na kafa amya huɗu, ya kafa ɗaya, ƙudan zuma suka zaɓi tasa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ni na yi wa Bassu taki iya ƙarfina.

Sana'armu raka baƙi masu zuwa hawan dutse. Doguwar hanya kwana biyar ce, tana ratsa dajin itatuwan al'ul da muke kira idgil, ta haye har ƙolin dutse, ta gangaro ta wancan kwari. A ƙa'idar ƙungiyarmu ta masu alfadarai, mutum biyu ke raka kowane ayari. Na gaba shi ne jagora, shi ake tambaya sunan tsuntsu, shi ake ɗauka hoto. Na baya shi ke tsintar hular da ta faɗi. Shekara ashirin da shida Bassu yana gaba, ni ina baya ina kallon wutsiyar alfadarinsa.

Kuma mutumin nan ko ɗaure kaya bai iya ba! Kowa ya san wannan. Ana cikin hawa sai ka ji ya ce, “Kash, kaya sun karkace,” a tsaya cirko-cirko yana kwance igiya yana ɗaurewa. Nakan ɗaga murya daga baya in ce, “Gajere, a kira maka gwaggo ta ɗaure maka ne?”

Shi kuma ya ce, “Dogo, da tsawo ke ɗaure kaya da an naɗa raƙumi sarkin alfadarai.”

Baƙi su yi ta dariya. In sun koma garuruwansu su aiko abokansu, kowa ya iso yana tambaya ina mutumin nan Bassu. Ban taɓa jin wanda ya iso yana tambayar Haddu ba, wato ni.

Hunturun da na cika hamsin da huɗu tari ya kama ni, ya kwantar da ni wata biyu. Na tashi, amma ƙirjina bai tashi tare da ni ba. Likita a gari ya ce huhu ne, in daina hawa sama. Ban gaya wa kowa ba sai matata Itto, ita ma sai da na sa ta rantse. Dalili kuwa, muna da wata magana da muka gada: wanda alfadarinsa ya sauko da shi daga dutse, ya gama hawa. Ba a kiran taro a kai, ba a yi maka faɗa. Kawai in ana raba ayari sai a tsallake sunanka, ka koma zaman jikin bangon masallaci da tsofaffi. Ni kuwa ban shirya zaman nan ba, alhali ko sau ɗaya ban taɓa shiga gaba ba.

Da ƙanƙarar sama ta narke, ayarin farko ya zo, mutum shida daga Kazablanka. Shugabarsu wata mai shagon magani ce, Nuzha, mace mai kazar-kazar, da agogon da ke ƙirga mata taku. Tun a ƙauye ta ce shekara biyu suna shirin taka ƙolin nan. Bassu ya gaya mata gaskiya, ya ce dole a kai ƙoli kafin azahar ranar kwana na huɗu, don bayan nan hadari ke rufe shi.

Kwana biyun farko na sha da ƙyar, amma na sha. Cikin daji hanya tana da inuwa, ƙasa da laushi, birai suna bin mu ta saman rassa suna jiran a ajiye gurasa. In an tsaya a bakin marmaro mu dafa shayi da na'ana'a, mu tsoma gurasar sha'ir a man zaitun, ni kuma in zaga bayan itace in yi tarina cikin rawani. A kwana na uku hanya ta miƙe tsaye, saiwoyi da duwatsu, alfadarai suna nishi. Na lura Bassu ya waiwayo sau biyu, na haɗe rai na yi kamar ina duba kofaton dabbata.

Rana ta huɗu muka tashi bayan asuba. Hantsi bai yi ba itatuwa suka fara gajarta, can suka ƙare, sai tsakuwa da iska. Nan ƙirjina ya ce bai san zancen ba. Ina jan numfashi kamar ta cikin tsumma, idona yana ganin duhu-duhu. Na kama wutsiyar alfadarina yana ja na, ina kallon bayansa, zuciyata tana cewa hau mana, wa zai gani? Mutum bakwai ne za su gani.

Sai na ji daga gaba, “Kash, kaya sun karkace.”

Aka tsaya. Na jingina da dutse, na samu numfashi ya dawo. Muka ci gaba, ba a yi nisa ba ya sake. Ya sake na uku, ya sake na huɗu. Nuzha ta dubi agogonta ta ce, “Baba, don Allah mene ne haka? Ka ce kafin azahar, ga shi kai ne kake cinye mana lokacin.”

Ya ce, “Yi haƙuri, 'yata. Igiya ce da taurin kai.”

Ko a wannan hali bakina bai mutu ba. Na tattara ɗan numfashin da na samu na ce, “Shekara ashirin da shida, Gajere!”

A tsayawa ta biyar ya kira ni. “Dogo, zo ka kama mini nan, tunda kai ne gwani.”

Na lallaɓa na je, muka tsaya bayan alfadarinsa inda baƙi ba sa ganinmu sosai. Na kai hannu kan ƙullin. Tamau yake, ko wuƙa sai ta yi da gaske. Kayan ko gezau ba su yi ba. A gaban idona ya sa yatsa ya warware shi da kansa, bai ko dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, “Riƙe nan. Kada ka yi magana, ja numfashi. Ka ji yadda kake kuwa? Tun daga daji nake jin ka.”

Ina riƙe da igiyar nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Wani ƙaton ɗan kasuwa daga Fas da ya kusa faɗuwa a wannan hawan, ranar kayan Bassu sau shida suka karkace. Wata tsohuwar Bafaranshiya da ta rantse ba za ta hau dabba ba, ita ma haka. Ashe duk wanda ya gaza a ayari, kafin ya buɗe baki ya ji kunya, sai kayan Bassu su karkace, laifi ya koma kansa. Ni kuma ina baya ina yi masa tsiya, ina taya shi rufa asirin mutane ban sani ba.

Za ka ce godiya ce ta cika ni. Wallahi ba ita ba ce. Wani baƙin ciki ne ya tokare ni, ya fi ciwon ƙirjin zafi. Ɗaure kaya, abu ɗaya tak a sana'ar nan da nake taƙama na fi shi, shi ma ashe ba gaskiya ba ne.

Sau bakwai ya tsayar da ayarin. Saura tafiyar kamar sa'a ɗaya mu kai, hadari ya taso daga yamma, ya rufe ƙolin, ƙanƙara ta fara dukanmu. Bassu ya ce a juya. Nuzha ta zauna a kan dutse ta yi kuka, ta ce ɗazun nan fa take ganin ƙolin da idonta. Muka gangaro. Gangara ba ta cin numfashi kamar hawa, na iso ƙauye da ƙafafuna.

Kafin su shiga mota sai da suka kai ƙara wurin Dattijo Assu, shugaban ƙungiyarmu. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara mu a inuwar masallaci. Ya ce baƙi sun ce jagora ya ɓata musu tafiya, kuma irin wannan magana in ta yaɗu kowa za ta shafa. Sai ya juyo gare ni.

“Haddu, kai ke baya, kai ka ga komai. Me ya faru a sama?”

Bassu yana zaune a gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa, yana ɓare busasshen ɓaure. Na san in na faɗi gaskiya sunana za a tsallake. Na kuma san abin da zai biyo baya in ban faɗa ba, kuma ba zan ɓoye ba, na so shi.

Na ce, “Kayansa ne suka yi ta kwancewa.”

Bassu ya jefa ɓauren a baki ya yi dariya ya ce, “Tsufa ne, Dattijo. Yatsun sun daina jin magana.”

A ranar aka cire shi daga doguwar hanya, aka mai da shi gajeriya, ta yini ɗaya, mai kai iyalai da 'ya'yansu wajen magangarar ruwa. Ni aka ba ni gaba. Da na gaya wa Itto ba ta yi guɗa ba, ta dube ni kawai ta ci gaba da murza garinta.

Bazara biyu na yi ina jagora kafin ƙirjin ya ajiye ni da kansa. An ɗauke ni hoto, an tambaye ni sunan tsuntsaye. Ban taɓa zuwa na faɗa wa Dattijo Assu gaskiya ba har ya rasu, Bassu ma bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa. Yanzu da safe ina zaune a ƙofar gida yakan wuce da alfadarinsa, ya tsaya ya ce, “Dogo, ya ƙirjin? An kwana lafiya?” Fuskarsa a sake, babu komai a cikinta. Na yi ta jira ya zage ni ko sau ɗaya, ko ya ɗauke kai ya wuce, in samu abin da zan riƙe a kansa. Har yau ya hana ni.