Muryar Baba a Bakin Bijimi

Baba dillalin shanu ne a kasuwar Dei-Dei, kuma a can na tashi, a wani gida bayan masu sayar da katako. Ina sakandare wani saurayi ya kama hayar ɗakin da ke kusa da zaurenmu. Ɗan asalin ƙauyukan Abuja ne, Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji. Umma ma "ka" yake ce mata, har ta gaji ta daina gyara masa. Sana'arsa zanen katun a wata tsohuwar kwamfuta. Burinsa ya yi fim a kan wani tsohon bijimi da aka ɗoro a tirela aka kawo kasuwa, shi kuwa yana neman hanyar komawa rugarsu.

Wata rana ya ji Baba yana yi wa wani direba faɗa a waya, sai ya fito ya durƙusa.

"Baba, wannan muryar nake nema. Kai ne bijimina."

"Ni ne bijimi?" in ji Baba. "Yaron nan ba ka da kunya."

Amma ya yarda. Bayan la'asar sai su shiga ɗakin, su toshe taga da katifa saboda ƙarar manyan motoci. Baba ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya ƙara da nasa. Mu muna tsakar gida muna jiyo dariyarsu.

Ba a gama fim ɗin ba. Saurayin ya samu aikin talla a Legas ya tafi. Ina jami'a Baba ya rasu. Da na fara aiki a wata ma'aikatar gwamnati sai na kama gida a Gudu, na ɗauko Umma muka zauna tare. Hotunan Baba muna da su, amma muryarsa kullum ƙara ɓace mini take, har na kai in na rufe ido ina ganin bakinsa yana motsi, ba na jin komai.

Bara wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta a ofis.

"Oga, kalli wannan ka sha dariya."

Bijimi ne a bayan tirela, rabinsa da launi, rabi zanen fensir kawai. Ya buɗe baki ya ce, "Kai direba, a hankali! Ba buhunan masara ka ɗauko ba!"

Na miƙa mata wayarta na fita baranda, na daɗe ban dawo ba.

Ashe da mai zanen ya haƙura da fim ɗin, sai ya zuba duk abin da ya yi a intanet, ya ce mai so ya ɗauka. Wasu matasa masu son katun suka haɗu suna ƙarasa shi, wannan a Zariya, waccan a Jos, ba mai biyansu. Na rubuta musu na ce ni ɗan bijimin ne. Shugabarsu, wata ɗaliba da ke zaune a Mpape, ta ce in zo.

Na bar mota a ƙasa na hau tudu da ƙafa. Ta nuna mini yadda suke aikin: inda ya yi launi sun bar masa, inda ya bar fensir sun bi layinsa ba su canza ba. Sai ta ce akwai matsala. Ƙarshen labarin yana rubuce, amma ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba.

"Yaya, tun da ka yi sallama na ji. Muryarku ɗaya ce."

Ta roƙe ni in ƙarasa muryar bijimin. Da farko na ƙi. Bayan na yi shawara da zuciyata na koma. A ɗakinta muka ɗauka, duk lokacin da masu fasa dutse suka tashi nakiya sai mu dakata. Kalmomin suna gabana, amma na san da Baba ne da ya ƙara wani abu nasa, ni kuwa ban san me zai ƙara ba. Na faɗi abin da ke rubuce kawai.

Da fim ɗin ya fito mutane suka yi ta yabon muryar bijimin. Ba wanda ya lura mutum biyu ne.

Wata ranar Asabar na kunna wa Umma. Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi, ta sake yin dariya. Da bijimin ya iso bakin rafi ya hango rugarsu ya fara magana, sai ta ɗaga hannu.

"Daga nan kai ne."

"Ni ne, Umma."

"Ka yi ƙoƙari. Mayar mini baya."

Na mayar. Ta karɓi wayar ta kara a kunnenta, ba ta ƙara kallon hoton ba.