Farar Ɗiyata da Macizan Kawu na Shagari

Tun da na haifi ɗiyata fara sol, gashinta kamar auduga, hankalina bai kwanta ba. Ni baƙa ce, babanta ya fi ni baƙi. Surukata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa zagina ba, amma ta ce da ina da ciki an gan ni a rijiya da tsakar rana, lokacin da mai ciki ba ta fita, wai a can iskoki suka musanya mini. Kuma gaskiya na je, randa ce ta bushe. Wata takwas ina ɗauke da maganar nan a ƙirji. Kwanan baya Inna ta fara shimfiɗa yarinyar a hantsi ko za ta yi duhu, sai fatarta ta yi jawur tana saɓa. Da hakan bai yi ba, ta ce mu je Shagari wurin wanta, wanda muke kira Kawu, tsohon malamin dabbobi da ya yi aiki a Legas ya dawo da macizai. A ganinta mai riƙe maciji ba ya rasa maganin iska.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na gefen Dingyaɗi, ni da maigida da Inna, yarinya a bayana. Keke napep ya kai mu Boɗinga. Lokacin cirar albasa ne, buhuna jibge a bakin hanya, warinta har cikin mayafi. A tasha muka sha koko da ƙosai, mai ƙosan ta ƙara mini biyu ta ce na Baturiya ne. Na yi murmushi, amma raina bai so ba.

Kuɗin mota ya hau sosai a kan na bara. Maigida ya yi ta ciniki da direba, a ƙarshe ya biya yadda aka ce tun farko. Wata Bafillata mai ƙwaryar nono ta lura rana za ta faɗo ta tagar da nake, ta musanya wuri da ni ba tare da na roƙa ba. Hanya da kyau, sai ramuka nan da can. Gonaki sun bushe, gawo kaɗai ke da ɗanyen ganye, jajayen awaki suna kiwo a ƙarƙashinsa. Maigida ya yi ta ba fasinjoji labarin macizan da ya kashe a gona.

Da hantsi muka sauka Shagari. Ba mu sha wahalar neman gidan ba, kowa ya san gidan gardi, sunan da Kawu ba ya so ko kaɗan. Ɗan gajeren dattijo ne mai tabarau. Aka kawo mana hoce da soyayyen kifin dam, ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Inna ta yi bayani tun daga rijiya. Ya karɓi yarinyar, ya duba idonta da bayan wuyanta da ya ƙone, sannan ya ce mu biyo shi.

Ɗakin ƙasa ne mai kauri da sanyi, an rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Robobi masu murfi da 'yan huji jere a kan katako. Inna na ta addu'a. Maigida kuwa sai waya ta kama shi a ƙofa, ko da yake ba wanda ya ji ta yi ƙara.

Kawu ya ce macijin masara ake ce musu, daga Amurka asalinsu yake, ba su da dafi, ɓera suke ci. Ya ciro na farko ya naɗe a hannunsa. Jama'a, ban san maciji na da kyau ba. Jikinsa ruwan lemo, da jajayen tambura a baya, kowanne an zagaye shi da baƙi kamar ɗinkin hula. Cikinsa fari da baƙi gida-gida, kamar wurin dara. Wannan shi ne na asali. Na biyu launin toka ne da baƙi kamar zabuwa, babu ja ko ɗigo. Na uku ja da fari ne, yana sheƙi, ba baƙi ko kaɗan, idonsa ja. Ya ce wurare uku ake dubawa a gane su: ido, da gefen tambarin, da ciki. Akwai na huɗu wanda ya rasa baƙin ya rasa jan, fari kamar nono. Har na matso ban sani ba.

Ya nuna wa Inna mai jan idon. "Kin ga wanga? Ga uwarshi, ga ubanshi." Ya buɗe robobi biyu, duka na asali ne masu baƙin zane. "Ƙwai goma sha huɗu ta yi, huɗu sunka hito haka. To ki gaya min, wace rijiya ta tahi?"

Inna ta sake leƙa robobin biyu.

Ya ɗebo dawa, ja da fara. Ya sa mini ja ɗaya da fara ɗaya a hannu, ya kira maigida ya sa masa haka. Ya ce kowane mai rai ƙwaya biyu yake ɗauke da su, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, kuma ɗaya tak yake ba ɗansa. Ja ita ce mai kawo duhun fata, in tana nan takan rufe fara, ba a ganinta. Ya ce mu rufe ido kowa ya miƙo ɗaya. Karon farko ja da ja. Na biyu ja da fara. Sai a na biyar fara ta haɗu da fara. Ya ce, "Ga ɗiyarku nan. Ikon Allah na, amma ga hanyar da Ya biyo da shi. Sai kowa ya kawo tashi, mutum ɗaya ba ya iyawa."

Inna ta ce ai a gidansu ba a taɓa yin zabiya ba.

"Ke, kin mance Baffa Jatau, ƙanen babanmu, mai malfa ko da dare? Kuma kakar yarinyar ga ba ƙanwarsu ba ce?" Ni yake nufi, don aurenmu na zumunci ne.

Inna ta dubi dawar da ke hannun ɗanta. Can ta ce, "Jatau mai sai da goro." Ta ce ta tuna yadda leɓensa ke tsagewa da bazara.

Kawu ya ce yarinyar ba ta da ciwon da za a kore, rana ce abokiyar gabarta. A nemo mata hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, a kai ta asibitin ido a Sakkwato, kuma kada a sake shanya ta. Na tambaye shi ko na gaba ma haka zai zo. Ya ce yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa, kowane ciki sabon ɗiba ne. Na ji tsoro kaɗan, amma ba irin na dā ba.

Sai bayan la'asar muka kamo hanya, da rana ta yi sanyi. A mota Inna ta karɓi yarinyar, ta cire mayafinta ta tare taga da shi tun daga Shagari har Boɗinga, hannunta a sama. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma jira ba. Da muka isa gida maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko an samo magani, Inna ta ce, "Ba ta da komi, gadon gidanmu ta ɗauko."

Abin da na koyo shi ne akwai abin da mutum ke ɗauke da shi bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Roƙona gare ku, in akwai zabiya a gidanku ko a unguwarku, kada ku tuhumi uwarsa, kuma don Allah kada ku sa shi a rana.